Yadda ƙananan 'yan kasuwa ke fafutukar fitowa a shafin farko na Google

A tsakiyar watan Nuwamban shekara ta 2003, ana saura 'yan makonni a yi bukukuwan Kirsimeti, masu ƙananan kantuna da dama a Amurka da Turai waɗanda ke sayar da hajarsu ta intanet sun wayi gari sun tarar ciniki ya tsaya cak.

Shafukansu na nan yadda suka bar su, kaya na nan jibge, farashi ma bai tashi ba. Abin da ya faru shi ne kamfanin Google ya yi wa tsarin da yake bi wajen jera sakamakon bincike garambawul, sai ga shafukan da jiya ke sahun gaba sun koma can ƙurya, inda ba safai mai bincike kan leƙa ba.

Wannan garambawul, da masu harkar suka laƙaba wa suna Florida, ya zo ne a daidai lokacin da 'yan kasuwar waɗannan ƙasashe ke sa ran cinikin da ya fi na kowane lokaci a shekara, kamar dai jajibirin salla a wurin teloli da masu sayar da yadi. Wasunsu sun tafka asara mai yawa, ba su kuma san wanda za su kai wa kuka ba.

Tun daga lokacin ne mutane da dama suka fara fahimtar cewa mallakar shafin intanet daban, samun masu shiga cikinsa kuma daban.

Fiye da shekaru 20 bayan haka, maganar ta iso kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi. Wani bincike da hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan masana'antu ta gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ya nuna cewa ya zuwa ƙarshen shekara ta 2020 akwai irin waɗannan harkoki kusan miliyan 40 a ƙasar, akasarinsu ƙanana ƙwarai. Masu ƙirar shafuka na bin masu otal-otal da makarantu masu zaman kansu da dillalan gidaje, har ma da masu sayar da kilishi da turaren wuta, suna kwaɗaita musu buɗe shafi. Sau da yawa ɗan kasuwa kan biya kuɗin, a ƙera masa shafi mai ƙayatarwa, amma a shafe watanni ko kiran waya ɗaya bai samu ta dalilinsa ba.

Yadda ake jera sakamako

Kimanin kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a faɗin duniya ta shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google ake yin sa, kamar yadda alƙaluman kamfanin StatCounter ke nunawa, yayin da Bing na kamfanin Microsoft da sauran takwarorinsa ke raba ɗan abin da ya rage. Saboda haka duk maganar da za a yi ta fitowa a bincike, a zahiri maganar Google ce.

Kamfanin na da wasu manhajoji da ke yawo ba dare ba rana daga wannan shafi zuwa wancan, suna bin mahaɗai, wato rubutu ko hoton nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafin. Duk abin da suka karanta sai su adana shi a wani katafaren kundi. A lokacin da mutum ya rubuta tambayarsa, ba intanet ɗin kanta ake bincikawa ba, wannan kundi ake buɗewa. Shafin da bai shiga kundin ba kuwa tamkar rumfar da aka kafa a bayan gari ce, wadda babu hanyar da ta bi ta gabanta.

To sai dai shiga kundin ba shi ne wahalar ba. Tambaya guda na iya samun shafuka miliyoyi da suka dace da ita, kuma a al'adance kusan goma ne kawai kan fito a shafin farko. Wa zai zo gaba, wa zai koma baya?

Shafukan bincike na farko-farko, irin su AltaVista, sun fi dogara ne ga kalmomin da ke rubuce a cikin shafi, abin da ya ba masu wayo damar cusa kalma guda sau ɗari don su yaudare su. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google a shekara ta 1998 suna ɗalibai a jami'ar Stanford, sai suka ɓullo da wata dabara ta daban da aka sani da PageRank. Maimakon a saurari abin da shafi ke faɗa game da kansa, sai a duba shafuka nawa ne ke nuni zuwa gare shi, da kuma darajar waɗanda ke nunin.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san kasuwa. Idan baƙo ya shiga Kantin Kwari ya tambayi inda zai samu shadda mai kyau, mutane goma suka nuna masa rumfa guda, to zai nufi can da kwanciyar hankali. Idan kuma a cikin masu nunin akwai wani dattijo da kowa ya san gaskiyarsa a kasuwar, maganarsa kaɗai za ta rinjayi ta yaran shago ashirin. Haka mahaɗa guda daga shafin wata babbar jarida ko jami'a ta fi mahaɗai ɗari daga shafukan da ba wanda ya san da zamansu.

A yau ma'aunan sun ƙaru ƙwarai. Ana duba ma'anar tambayar, da inda mai tambayar yake, da harshen da ya yi amfani da shi, da ingancin bayanin da ke shafin, da kuma sauƙin buɗe shi. Kamfanin ya ce yana yi wa tsarin dubban gyare-gyare a kowace shekara, kuma bai taɓa bayyana cikakken sirrinsa ba.

Akwai kuma wani abu da ke rikita 'yan kasuwa da dama, wato bambancin da ke tsakanin talla da sakamako na asali. Layukan da kan fito a can sama ɗauke da alamar cewa an ɗauki nauyinsu, tallace-tallace ne da aka biya kuɗinsu. Google ya fara wannan harka ne a watan Oktoban shekara ta 2000 da sunan AdWords, wadda ta koma Google Ads a shekara ta 2018. Gwanjo ake yi a kan kalmomi, kuma galibi mai talla kan biya ne a duk lokacin da wani ya latsa tallarsa, ko ya sayi kaya ko bai saya ba. Ranar da kuɗin suka ƙare, ranar tallar ke ɓacewa. Sakamakon da ke ƙasa da su kuwa ba na sayarwa ba ne, kuma Google ya sha nanata cewa sayen talla ba ya ɗaga matsayin shafi a cikinsa.

Masu alƙawarin lamba ɗaya

Ƙoƙarin ɗaga shafi a wannan sakamako na asali shi ne sana'ar da ake kira SEO a taƙaice. Sana'a ce ta halal wadda ƙwararru da yawa ke ci da ita, amma kamar kowace sana'a da mai biyan kuɗi ba ya iya tantance aikin da idonsa, ta tara 'yan algus.

Alamar farko ta ɗan algus ita ce alƙawarin kai shafi lamba ɗaya cikin mako guda ko biyu. Kamfanin Google da kansa ya rubuta a cikin shawarwarin da yake bai wa masu shafuka cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin hakan, ya kuma gargaɗe su game da masu iƙirarin suna da wata alaƙa ta musamman da shi.

Wasu kan cika alƙawarin ta wata fuska: sai su zaɓi kalmar da ba mai nemanta, kamar cikakken sunan kantin, su nuna wa mai shi cewa ga shi nan a sama. Alhali wanda ya riga ya san sunan kanti ai tsohon abokin ciniki ne. Wanda ake nema shi ne mutumin da bai taɓa jin sunan ba, wanda ya rubuta abin da yake buƙata kawai.

Wasu kuma kan bi ta ɓarauniyar hanya, kuma tarihin harkar cike yake da waɗanda asirinsu ya tonu.

A watan Fabrairun shekara ta 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga kundinsa baki ɗaya, bayan da aka gano cewa shafin na nuna wa manhajojin bincike rubutu cike da kalmomin da aka yi ta maimaitawa, alhali abin da yake nuna wa mutane daban ne. An mayar da shi bayan 'yan kwanaki, da kamfanin ya gyara.

Shekaru biyar bayan nan, a watan Fabrairun 2011, jaridar New York Times ta bankaɗo yadda babban kantin nan na Amurka J.C. Penney ya mamaye matsayi na farko a kan kayayyaki barkatai, tun daga riguna har zuwa shimfiɗun gado, ta hanyar dubban mahaɗai da aka dasa a wasu shafukan da ba su da wata alaƙa da kayan. Google ya hukunta shi ta hanyar tura shi can baya. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa aikin.

Abin lura a nan shi ne waɗannan manya ne, suna da lauyoyi da ma'aikata da kuma sunan da jama'a za su nema ko da Google ya ɓoye su. Mai ƙaramin otal da ya ba wani ɗan kwangila amanar shafinsa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Kuma hukuncin kan faɗa ne a kan mai shafin, ba a kan wanda ya yi aika-aikar ba. Gyare-gyaren da aka sanya wa suna Panda a shekara ta 2011 da Penguin a shekara ta 2012 an yi su ne musamman don murƙushe shafuka masu bayanai marasa amfani da kuma masu sayen mahaɗai, kuma ƙananan 'yan kasuwa da dama da suka biya aka yi musu irin wannan aiki sun ɗanɗana kuɗarsu.

Har yanzu ana samun masu karɓar kuɗi da sunan cusa wasu ɓoyayyun kalmomi a bayan shafi, duk da cewa tun a shekara ta 2009 Google ya bayyana cewa ba ya la'akari da wannan gurbi na kalmomi wajen jera sakamako.

Shafin da waya za ta iya buɗewa

Mafi yawan abin da ke ɗaga ƙaramin shafi ba wani sirri ba ne, aiki ne na natsuwa wanda kuma ba ya bayar da sakamako nan take.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne ƙera shafi don ya burge mai shi. Mai ƙira kan zo da babbar kwamfuta, ya nuna hotuna masu motsi da launuka masu ɗaukar ido, mai kanti ya yaba ya biya. Amma mai sayen da ake nema yana riƙe ne da ƙaramar waya, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma yana lissafin datar da kowane hoto zai cinye masa.

Tun a shekara ta 2015 Google ya sanar da cewa binciken da ake yi da wayoyi ya zarce na kwamfutoci a ƙasashe goma, ciki har da Amurka da Japan, kuma a watan Afrilun shekarar ya fara fifita shafukan da suka dace da waya. Daga baya ma sai ya koma auna shafuka bisa yadda suke fitowa a waya, aikin da ya ce ya kammala a shekara ta 2023. Wani bincike da kamfanin ya wallafa a shekara ta 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya kan juya su fita idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Idan haka lamarin yake a inda intanet ke da ƙarfi, to ba sai an faɗi yadda zai kasance a garuruwan da ake ɗaga waya sama ana neman sabis ba.

Wani kuskuren kuma shi ne zuba duk bayani a cikin hoto. 'Yan kasuwa da yawa kan sa a tsara musu takardar talla mai ɗauke da sunan kaya da farashi da lambar waya, sannan a liƙa hotonta a shafi. Mutum zai karanta, amma manhajar bincike ta fi gane rubutu tsantsa, kuma mai son kira ba zai iya latsa lambar da ke cikin hoto ba.

Abin da mai saye ke nema bai taka kara ya karya ba: me ake sayarwa, nawa ne, a ina kantin yake, yaushe ake buɗewa, ana aikawa zuwa wasu garuruwa, kuma ta yaya za a yi magana da mai shi. Al'adar ɓoye farashi a ce sai an tuntuɓa, wadda ta samo asali daga ciniki irin na taye da albarka, tana korar wanda ke kwatanta kantuna biyar a lokaci guda, ko da yake wasu 'yan kasuwar na kafa hujja da cewa farashi na sauyawa kusan kullum.

Sai kuma batun tsaro. Shafin da adireshinsa ya fara da https yana ɓoye bayanan da ke wucewa tsakaninsa da mai shiga. Google ya sanya wannan cikin ma'aunansa a shekara ta 2014, kuma tun daga watan Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro. Ana samun shaidar kyauta daga wata cibiya da ake kira Let's Encrypt, don haka babu dalilin da za a tsawwala wa ɗan kasuwa kuɗi a kanta.

Zaɓen kalmomi shi ne wurin da ɗan gari ya fi baƙo. Mai shafi kan so ya yi amfani da manyan kalmomi na ƙawa, alhali mai saye da kalmomin yau da kullum yake bincike, sau da yawa ma yana gauraya Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci a Nijar. Haka kuma yawancin mutane ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa a waya, kuma abu guda na iya samun rubutu iri biyu ko uku, kamar atamfa da atampa. Wanda ke zaune a shago yana jin yadda masu saye ke ambaton kaya ya fi kowane ƙwararre sanin waɗannan kalmomi. Akwai ma wata fa'ida: shafukan kasuwanci da aka rubuta da Hausa ba su da yawa idan aka kwatanta da na Turanci, saboda haka gogayyar da ke kansu ba ta kai ta can zafi ba.

Taswira da shaidar masu saye

Ga mai gyaran mota ko mai gidan abinci ko mai ɗakin shan magani, abin da ya fi muhimmanci ba ya ma buƙatar shafi. Idan mutum ya nemi wani abu da ke kusa da shi, Google kan fara nuna taswira ne tare da wasu wurare ƙalilan, kafin a kai ga jerin shafuka.

Waɗannan bayanai na fitowa ne daga rajistar da ake kira Google Business Profile, wadda kafin shekara ta 2021 aka sani da Google My Business. Kyauta ake yin ta. Mai kanti zai sanya suna da adireshi da lambar waya da lokutan aiki da hotuna, sannan kamfanin ya tabbatar da cewa wurin na nan da gaske. A cewar Google abubuwa uku yake dubawa a nan: dacewar wurin da abin da ake nema, da nisansa daga mai nema, da kuma shahararsa.

A unguwannin da tituna ba su da suna, inda kwatance ke farawa daga masallaci ko gidan mai, ana iya dasa alama a daidai wurin a kan taswira, ko a yi amfani da gajeren lambar wuri ta Plus Codes da kamfanin ya samar don irin wannan matsala.

Shahara kuwa ta haɗa da ra'ayoyin da masu saye ke rubutawa da taurarin da suke bayarwa. A nan ma an samu masu sayar da yabon ƙarya, lamarin da ya yi ƙamari har hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa dokar haramta saye da sayar da irin waɗannan ra'ayoyi a shekara ta 2024. Google ma kan goge su idan ya gano. Masu bincike da dama sun koyi gane su: yabo ashirin da aka rubuta a rana ɗaya, da salo iri ɗaya, ya fi jawo zargi a kan ƙorafi guda da mai kanti ya amsa cikin ladabi.

Shafin na wane ne?

Akwai wata tambaya da 'yan kasuwa ba su cika yi ba sai bayan ɓarna ta auku, wato da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin.

Adireshin shafi ba saye ake yi ba, haya ce da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara. Haka ma rumbun da ake ajiye shafin a cikinsa. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, yayin da na Nijar ke ƙarewa da .ne. Ya zama ruwan dare mai ƙira ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, ya kuma riƙe kalmomin sirri. Ranar da aka samu saɓani, ko ya bar gari, ko ya manta bai sabunta ba, sai shafin ya mutu, ko ma wani ya saye adireshin. Duk darajar da shafin ya tara a idon Google tsawon shekaru a jikin wannan adireshi take, kuma ba ta bin mai kanti zuwa sabo haka kawai.

Maganin shi ne tun ranar farko rajista ta kasance da sunan mai kasuwancin, makullan kuma su kasance a hannunsa. Gina shafin a kan manhajar da aka sani, kamar WordPress wadda ta fito a shekara ta 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita, kan sa a samu wani ya ci gaba da aikin idan na farko ya tafi. Akwai kuma Search Console, wata hidima ta kyauta daga Google da ke nuna wa mai shafi sau nawa ya fito a bincike, da kalmomin da aka nema, da mutum nawa suka latsa. Da ita ce ɗan kasuwa zai iya auna aikin wanda yake biya, maimakon ya dogara da abin da aka gaya masa.

Gaskiyar magana ita ce ba kowane ɗan kasuwa ne ke buƙatar shafi nasa na kansa ba. Matar da ke sayar da turare daga gida, wadda abokan cinikinta ke zuwa ta hanyar 'yan uwa da ƙawaye, za ta iya wadatuwa da Instagram ko WhatsApp Business, wanda ya fito a shekara ta 2018 aka kuma ƙara masa wurin baje kaya a shekarar da ta biyo baya. Kashe maƙudan kuɗi a kan shafin da ba za a riƙa sabuntawa ba asara ce. Shafi ya fi amfani ga wanda baƙi ke nema daga nesa, kamar otal ko makaranta ko mai fitar da zoɓo da riɗi zuwa ƙetare, wanda mai saye zai so ya bincika shi kafin ya tura kuɗi.

Amma zama a shafukan sada zumunta kaɗai zama ne a rumfar aro. A ranar 4 ga watan Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kimanin sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. A Najeriya gwamnati ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022, kuma masu talla a can ba su da yadda za su yi. Shi kansa Google a watan Maris na 2024 ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya bai wa masu rajistar kasuwanci damar buɗewa, waɗanda da yawa suka riga suka buga adireshinsu a katuna da allunan shago.

Mai kasuwa kuma mai rumfa

Sabon ƙalubalen da ya taso shi ne na ƙirƙirarriyar basira. A watan Mayun 2024 Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsa da na'ura ta haɗa a saman sakamakon bincike a Amurka, kafin ya faɗaɗa tsarin zuwa ƙasashe fiye da 100 a watan Oktoban shekarar. Daga shafukan mutane ake tattaro bayanin, amma wanda ya samu amsarsa a sama ba lallai ne ya gangara ƙasa ba.

Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bi diddigin yadda wasu mutane 900 suka yi amfani da intanet a watan Maris na 2025, inda ta gano cewa idan irin wannan amsa ta fito, kashi 8 cikin 100 ne kawai na binciken ke ƙarewa da latsa wani shafi, saɓanin kashi 15 idan ba ta fito ba. Google ya yi watsi da sakamakon, yana mai cewa hanyar da aka bi wajen binciken ba ta inganta ba. Bisa ga dukkan alamu waɗanda abin ya fi shafa su ne shafukan da hajarsu bayani ce, domin mai neman tela ko makanike dole ne a ƙarshe ya nemi adireshi da lambar waya.

Duk wannan na komawa ne ga matsala guda da hukumomi suka daɗe suna nazari a kai, wato kamfanin da ke jera rumfunan kasuwa shi ma yana da nasa rumfunan a ciki. A watan Agustan 2024 wani alƙalin tarayya a birnin Washington, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa Google ya saɓa wa doka wajen kare babakeren da ya yi a harkar bincike, ko da yake a watan Satumban 2025 ya ƙi amincewa da buƙatar gwamnati ta a tilasta wa kamfanin sayar da manhajar Chrome.

A Turai kuwa, ƙaramin kamfani ne ya fara tayar da maganar. Wasu ma'aurata 'yan Birtaniya, Shivaun da Adam Raff, sun buɗe wani shafin kwatanta farashin kayayyaki mai suna Foundem a shekara ta 2006, amma a watan Yunin shekarar sai suka ga an tura shi can baya a sakamakon Google. Bayan sun daɗe suna neman a duba lamarinsu, sai suka kai ƙara gaban hukumar Tarayyar Turai, wadda ta buɗe bincike a watan Nuwamban 2010.

A watan Yunin 2017 hukumar ta ci tarar Google Yuro biliyan 2 da miliyan 420, bisa samunsa da laifin fifita nasa shafin kwatanta farashi a sama tare da danne na abokan hamayyarsa. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara har zuwa kotun ƙoli ta Tarayyar Turai, wadda ta tabbatar da tarar a ranar 10 ga watan Satumban 2024.

Shekaru 18 ke nan bayan ranar da ma'auratan suka fara ganin shafinsu ya ɓace daga sahun gaba. Shi kuwa Foundem an rufe shi tun a shekara ta 2016.